ARAHAR BINDIGA DA TSADAR JINI

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya hore wa ɗan Adam ƙarfe, ya ƙera garma da shi ya ci abinci, ya kuma ƙera takobi da shi ya tsare gidansa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, akwai wata tambaya da ta yawaita a bakin ƴan kasuwa da matasanmu na nan Maourey da kewayenta. Tambayar kuwa ita ce: shin ya halatta ga Musulmi ya sayi irin bindigogin nan masu araha da ake shigowa da su daga waje, waɗanda aka ƙera bisa kwaikwayon bindigar soja, ya ajiye a gida, ya riƙa fita bayan gari yana koyon harbi da ita? Masu wannan tambaya ba ɓarayi ba ne, ba kuma ƴan ta'adda ba ne. Wani tsoro ne ya kai shi, domin yana kwana da kuɗin mutane a shago. Wani kuwa sha'awa ce kawai, ya ga hotunan Turawa a wayarsa suna harbin gwangwani a fili suna dariya, ya ce shi ma me zai hana. Da yawa daga cikinsu ma sun riga sun tanadi hujjarsu daga Alƙur'ani da Hadisi. Saboda haka tambayar ta cancanci a amsa ta da natsuwa, ba da tsawa ba.

Kafin a yi hukunci a kan abu, wajibi ne a san abin. Bindigar da ta fi kowace shahara a wannan yanki namu ita ce Kalashnikov, wadda wani sojan Tarayyar Sobiyet mai suna Mikhail Kalashnikov ya ƙera a 1947, rundunar ƙasarsa ta karɓe ta a 1949. Daga 1956 ƙasar Sin ta fara ƙera tata, wadda ake kira samfurin 56, kana Rumaniya da Bulgariya da Masar da wasu ƙasashe suka bi sahu. Waɗannan kwaikwayo ne a suna kawai. A wajen kisa ba su da maraba da ta asali. Gidan harsashinta na ɗaukar 30, kuma idan aka danne kunamarta aka riƙe, duka talatin ɗin za su fita cikin kamar daƙiƙa uku. Akwai kuma wani iri na biyu, wanda a haƙiƙa bindigar farauta ce mai harba ƙwayoyin darma, amma aka yi mata baƙin jiki da mariƙi da siffar bindigar soja don ta burge mai saye. Masana'antun Turkiyya sun shahara da irin wannan. A shekarar 2017 ma'aikatan kwastan na Nijeriya sun kama bindigogi 661 a Legas a watan Janairu, suka kuma kama wasu 1,100 da suka fito daga Turkiyya a watan Satumba, sa'an nan a 2024 suka kama 844 a tashar jiragen ruwa ta Onne. Iri na uku shi ne mafi ƙasƙanci: ƙananan bindigogi da aka ƙera don ƙara kawai, sai wani maƙeri ya huda bakinsu ya mai da su masu harba harsashi, alhali ƙarfensu ba a yi shi don ya jure wannan ba. Irin wannan takan fashe a hannun mai ita. Hausawa dai sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

To, bari mu fara da hujjar masu cewa ya halatta, mu ba ta cikakken haƙƙinta, domin ba ƙaramar hujja ba ce. A Suratul Anfal, aya ta 60, Allah Maɗaukakin Sarki Ya umarci muminai da su yi tanadin ƙarfi gwargwadon ikonsu, kuma Imamu Muslim ya ruwaito daga Uƙbatu ɗan Amir (R.A.) cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya fassara wannan ƙarfi da harbi, har ya maimaita sau uku yana bisa mumbari. Buhari ya ruwaito cewa ya wuce wasu mutanen ƙabilar Aslam suna gasar harbin kibiya, bai hana su ba, sai ma ya ƙarfafa musu gwiwa, ya tuna musu cewa kakansu Annabi Isma'ila maharbi ne. Ya bar Habashawa sun yi wasa da masu a cikin masallacinsa ranar Idi, Nana A'isha (R.A.) tana kallo. Kuma ya tabbata a Buhari da Muslim cewa wanda aka kashe yana kare dukiyarsa ya yi shahada. Tarihinmu ma na kusa yana goyon bayansu: a Tabkin Kwatto, a 1804, maharba masu baka da kibiya ne suka karya dawakin Gobir masu lifidi. Ashe ke nan babu mai cewa Musulunci addinin ragwanci ne, kuma babu malamin da zai ce harbi a karan kansa haramun ne.

Sai dai mai karatu ya lura da wani abu. Littattafan nan da suka kawo mana falalar harbi, su ne dai suka kewaye makami da katanga bayan katanga, kuma ba adalci ba ne mutum ya ɗauki rabin babi ya rufe littafi. Abu Musal Ash'ari (R.A.) ya ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya umarci duk wanda zai ratsa masallaci ko kasuwa ɗauke da kibau da ya damƙe tsininsu da hannunsa, don kada ya yi wa wani Musulmi ƙwarzane. Abu Huraira (R.A.) ya ruwaito hani ga mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami, domin bai sani ba ko Shaiɗan zai fizgi hannunsa ya faɗa ramin wuta, a ruwayar Muslim ma, mala'iku na la'antar mai nuna ɗan'uwansa da ƙarfe, ko da kuwa uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. An hana miƙa wa juna takobi a zare. Abdullahi ɗan Umar (R.A.), da tsinin mashi ya soke shi a ƙafa a Mina, Hajjaju ya zo duba shi, sai ya gaya masa a fuskarsa cewa shi ne ya jawo, tunda shi ya bari aka ɗauki makami a rana da wurin da ba a saba ɗauka ba.

Yanzu mu ɗauki hadisin kibau mu ajiye shi a shataletalen Maourey da hantsi. Unguwa ce ta tsakiyar birnin Yamai, dab da Babbar Kasuwa, shago manne da shago, gida manne da gida, ɗaki ɗaya yakan raba katanga da ɗakin maƙwabci. Tsinin kibiya ana iya damƙe shi da tafin hannu. Harsashin Kalashnikov fa, da me za a damƙe shi? Yana fita da gudun da ya haura mita 700 a daƙiƙa guda. Yana huda kwano da ƙofar katako kamar takarda, yakan ratsa bulo mai rami, kuma idan bai sami abin da ya tare shi ba yana iya tafiya fiye da kilomita biyu. Wanda aka harba sama don murnar biki ba ya zama a sama. Dole ya sauko, kuma bai san kan wa zai sauka ba. Mutumin da ya buɗe wuta a kan ɓarawo a tsakar gidansa da dare a irin wannan unguwa, ya buɗe wuta ne a kan duk wanda ke barci a bayan katanga. Idan shari'a ta damu da ƙwarzanen kibiya a kasuwar Madina, yaya za ta yi shiru a kan wannan?

Haka kuma kare kai da ake kafa hujja da shi, malamai ba su bar shi sakaka ba. Nasa'i ya ruwaito cewa wani mutum ya tambayi Manzon Allah (S.A.W.) game da wanda ya zo zai ƙwace masa dukiya, sai ya jera masa matakai: ya fara tuna masa Allah, in bai ji ba ya nemi taimakon Musulmin da ke kusa, in babu ya nemi hukuma, in hukuma ta yi nisa sa'an nan ya yi faɗa. A mazhabarmu ta Malikiyya, Shehu Halil ya bayyana a Muhtasar cewa ana tunkuɗe maharin da ke da hankali ne bayan an gargaɗe shi, ba a nufin kashe shi sai in an tabbata ba zai tunkuɗu ba sai da kisa, kuma wanda zai iya kauce masa ba tare da wahala ba, ba shi da damar ya ji masa rauni. Watau tsani ne mai hawa-hawa. Murya tana da mataki, sanda tana da mataki, takobi ma yana da bayansa da kaifinsa. Bindiga mai sarrafa kanta kuwa mataki ɗaya gare ta, shi ne na ƙarshe. Tsakanin firgita da mutuwa babu komai sai motsin ɗan yatsa. Kuma inuwar da aka gani tana haura katanga da ƙarfe biyu na dare, sau nawa takan zama ɗan gida ne da ya yi dare aka rufe ƙofa?

A nan ne nake ganin ainihin matsalar take, kuma ba a cikin ƙarfen take ba, a cikin arahar take. Bindiga ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Ruwayoyin baka ma sun nuna cewa Mawurawan da unguwarmu ta ci sunansu, mafarauta ne da suka sauka bakin kogi tun kafin Yamai ta zama birni. Amma a da, tsakanin mutum da makami akwai ƙofofi. Yaron da zai zama maharbi sai ya shekara yana bin ubangidansa yana ɗauke masa jaka, yana koyon abin da ake harbi da abin da ba a harbi, kuma yana ƙarƙashin sarkin baka wanda zai iya kiransa ya tuhume shi. Bindigarsa ta adaka ce, sai ya ɗura albarushi ya daka ya ɗana kafin ya yi harbi ɗaya, kuma a cikin wannan ɗan lokaci fushi yakan huce. Bindigogin yaƙi kuwa na fada ne. Sarkin Damagaram Tanimu ya tara bindigogi masu yawa har ya sa aka zuba igwa a Zinder, amma ba a kasuwa ya raba su ba. A Kano ma ƴan bindiga yawanci bayin sarki ne, an san su, an san mai ba su umarni. Tsada ƙofa ce, koyo ƙofa ce, izinin shugaba ƙofa ce. Duk wanda ya ƙetare ukun nan, kafin ya riƙe makami an riga an san shi.

Araha ta zo ta ɓalle ƙofofin nan gaba ɗaya. Tun bayan faɗuwar gwamnatin Gaddafi a 2011, da aka fasa rumbunan makaman Libiya, abin da a da sai hukuma ke iya mallaka ya zama abin da mai ƴan shanu zai iya sayar da wasu ya saya. Ba ya bukatar shekara guda a hannun malami, domin an ƙera bindigar ne tun asali don ƙauyawan da aka ɗauka soja su iya ta cikin ƴan kwanaki. Ba ya bukatar kowa ya san shi. A sauran kayan duniya araha rahama ce ga talaka: arahar hatsi, arahar magani, arahar yadi. Amma akwai abubuwan da tsadarsu ita ce rahamar.

Sa'an nan mu tambayi kanmu da gaskiya: mai sayen kwaikwayon bindigar soja, me yake saye? Idan farauta yake so, bindigar farauta ta isa, kuma ba ta bukatar baƙin jiki da siffar ta bariki. Abin da ya ƙaru a kan wannan siffa ce kawai, kuma ita siffar ake biya. Yana sayen kwarjinin soja ne. To amma soja ba bindiga ba ce kaɗai. Soja yana da shugaban da ba ya harbi sai da izininsa, yana da ma'ajiyar da yake mayar da makami a rubuta, harsashinsa a ƙidaye yake, bindigarsa tana da lambar da aka rataya a wuyansa, kuma akwai kotun da aka kafa dominsa. Masana'anta tana iya kwaikwayon ƙarfen, amma ba ta iya sa waɗannan a cikin kwali ta aiko. Mai saye ya karɓi ikon soja ya bar takunkumin soja. Asma'u ƴar Abubakar (R.A.) ta ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya kamanta mai nuna yana da abin da ba a ba shi ba da wanda ya sa tufafin ƙarya guda biyu. Kuma siffar nan ba banza take tafiya ba. Matar maƙwabci da ta hango ta ta taga ba ta san darma take harbawa ba, ta dai firgita, alhali Abu Dawuda ya ruwaito cewa bai halatta a firgita Musulmi ba ko da wasa. Jandarman da ya ci karo da kai da dare ba zai tsaya karanta sunan masana'anta ba. Ɗan fashin da ya ji labarin kana da ita, ba sanda zai zo da ita ba, kuma mai yiwuwa ma ita ce abin da zai zo nema. Masu tarihin jihadi sun ruwaito cewa Sarkin Gobir Yunfa ya ɗana wa Shehu Usmanu bindiga a Alƙalawa, sai ta yi baya ta ƙone shi. Karamar Shehu daban take, amma halin bindiga na komawa kan mai ita ba a Alƙalawa ya ƙare ba.

Farashin bindiga ya faɗi. Farashin jini fa? Ɗalibin da ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaid ya san amsa: diyyar rai raƙuma 100 ce ga masu raƙuma, dinari 1,000 ga masu zinariya, dirhami 12,000 ga masu azurfa. Dinari dubu, a lissafin malaman zamani, zinariya ce kilo huɗu da kwata. Mai karatu ya je wajen masu sayar da zinariya ya tambayi kuɗin giram ɗaya, ya ninka. Wannan kuwa hukuncin kuskure ne, ba na ganganci ba, kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i, aya ta 92, tare da kaffara, wadda a yau ta koma azumin wata biyu a jere. Ganganci kuwa ayar da ke biye ta faɗi makomarsa. Akwai kuma wani abu da masu tambaya ba su cika lura da shi ba. Diyyar kuskure ba a kan mai harbi kaɗai take ba, a kan danginsa na wajen uba take, su biya cikin shekara uku. Ashe ke nan wanda ya ce da kuɗina na saya, ba ruwan kowa, bai faɗi daidai ba. Baffanninsa da ƴaƴan baffanninsa shari'a ta ɗora musu lamunin hannunsa, saboda haka suna da bakin magana tun kafin ya sayo. Mutum ya ɓoye a ƙarƙashin katifa abin da zai iya jawo wa zuriyarsu bashin raƙuma ɗari, ba tare da ya shawarci kowa ba, a cikin gida mai yara masu bincike, wannan ba mallaka ba ce irin ta agogo ko rediyo.

Duk abin da ya gabata mai sauƙi ne, domin magana ce a kan mutumin birni. Mai wuyar ita ce ta mutumin ƙauye, kuma rashin kunya ne wanda ke kwana kusa da barikin soja ya yi wa mutumin Zarmaganda wa'azin haƙuri da baki mai sanyi. A ranar 2 ga Janairu 2021 an kashe kimanin mutum 100 a Tchoma Bangou da Zaroumdareye. A watan Maris na shekarar an kashe 137 a yankin Tillia. A ranar 21 ga Maris 2025, cikin Ramalana, an kashe masallata 44 a masallacin Fambita suna sallar Juma'a. Mutumin da ya binne ƴaƴansa a rami ɗaya, idan ya ce a ba ni bindiga, ba sha'awa ce ke magana ba, kuma hadisin Nasa'i da muka ambata da kansa ya yarda cewa hukuma takan yi nisa. Wanda aka auka wa a gidansa ya kare kansa da abin da ya samu, babu malamin da zai ɗora masa laifi.

Amma tausayi ba ya hana a dubi abin da ya faru. A ranar 2 ga Nuwamba 2021 ƴan sa-kan Banibangou suka fita a kan babura, magajin garinsu na gaba, don su bi sawun maharan da suka addabe su. An yi musu kwanton ɓauna a Adab-Dab, mutum 69 suka rasu har da magajin garin, 15 suka tsira. Allah Ya ji ƙansu. Jarumtaka ba ta yi musu ƙaranci ba. Abin da suka rasa shi ne abin nan da ba a saye a kasuwa: horo, da labarin abokin gaba, da wanda zai kawo ɗauki. Idan kuma muka dubi kudu, Zamfara ta isa darasi. Ƴan sa-kai sun fara ne don maganin ɓarayin shanu, sai abin ya koma kama mutum a kasuwa a kashe don kawai Bafulatani ne, su kuma waɗancan suka sayar da shanu suka sayi Kalashnikov suka shiga daji, kowane ɓangare yana cewa kare kansa yake yi. A 2019 dubun-dubatar mutane suka tsallako jihar Maraɗi gudun hijira. Gwamnan Katsina Aminu Masari ya kira jama'a su nemi makami a 2021, na Zamfara Bello Matawalle ya yi irin wannan kira a 2022, amma satar mutane ba ta tsaya ba. Mu ma nan gida, a Toda, a 1991, tun kafin bindiga ta yi araha, fushin rana ɗaya tsakanin manoma da makiyaya ya ci rai fiye da 100, yawancinsu mata da yara. A ƙiyasta da a ce kowane saurayi na ƙauyukan nan yana da gidan harsashi mai talatin a wannan rana. Hadisin Abu Bakrata (R.A.) game da Musulmi biyu da suka haɗu da takubbansu, wanda ya sanya mai kisa da wanda aka kashe duka a wuta, ba a kan kafirai aka faɗe shi ba.

Wani zai ce: to ai bindigar hukuma ma ta zubar da jinin da bai kamata ba. Gaskiya ne. Mutanen Yamai ba su manta da ɗaliban da aka harbe a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairu 1990 ba, ba su kuma manta da yadda aka kashe Shugaba Ibrahim Bare Mainasara a filin jirgin sama ranar 9 ga Afrilu 1999 ba. Amma wannan hujja ce a kan mai kawo ta. Idan makamin da ke da shugaba da rajista da kotu ya iya yin haka, wanda ba shi da ko ɗaya fa? Maganin ɓarnar mai takunkumi shi ne a ƙara ɗaure takunkumin, ba a raba wa kowa abin da babu takunkumi a kansa ba. Kuma umarnin Suratul Anfal na tanadin ƙarfi, ga jama'a aka yi shi a dunƙule ƙarƙashin shugabansu. Maharban Tabkin Kwatto ma ba kowa da ra'ayinsa ya fita ba, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ne ke ja musu gaba. Dokar ƙasarmu ta hana farar hula riƙe makamin yaƙi, sauran bindigogi kuwa sai da takardar izini daga Ma'aikatar Cikin Gida. Wannan hani ba saɓon Allah ba ne da za a ce ba a yi masa ɗa'a. Toshe kafar ɓarna ne, wanda asali ne sananne a mazhabar Imamu Malik. Sai dai hukumar da ta hana talaka makami ta ɗaukar wa kanta alkawarin tsare shi, kuma ranar ƙiyama za a tambaye ta jinin Fambita. Faɗa mata wannan a fili aikin malamai ne, kuma ya fi sayen bindiga a ɓoye bukatar ƙarfin zuciya.

Ƙasar nan ta taɓa sanin wahalar maido da bindiga cikin kube. A 1994 aka kafa hukumar tattara haramtattun makamai ta ƙasa, a ranar 24 ga Afrilu 1995 aka sa hannu a kan sulhu da ƴan tawayen arewa, amma sai a ranar 25 ga Satumba 2000 aka kai ga ƙona bindigogi fiye da 1,000 a Agadas a gaban jama'a. Shekara biyar da ɗoriya ana lallashi, kafin a tara abin da kwantena ɗaya ke shigowa da shi a dare ɗaya.

Wannan ya kawo mu ga ɗan kasuwa, domin mu mutanen Maourey saye da sayarwa muka sani, kuma wani zai ce ni ba na harbi, kaya kawai nake kawowa. Imamul Buhari ya ƙulla babi a kan sayar da makami a lokacin fitina, ya kuma ambata cewa Imrana ɗan Husaini (R.A.) ya ƙi hakan. Malaman Malikiyya sun haramta sayar da makami ga wanda ake zaton zai tare hanya da shi ko ya shiga fitina tsakanin Musulmi, kamar yadda suka haramta sayar da inabi ga mai matsa giya, suna dogaro da hanin taimakekeniya a kan zunubi da ta'adi da ke farkon Suratul Ma'ida. Buhun shinkafa yakan ƙare a ciki ɗaya. Bindiga kuwa tana shekara arba'in tana aiki, tana sauya hannu, kuma mai sayarwa na farko bai san hannu na biyar ba. Shi kansa Kalashnikov, kafin ya mutu a watan Disamba 2013 yana da shekara 94, ya rubuta wa shugaban cocin Rasha takarda yana kukan cewa ransa na ƙuna, yana tambaya ko alhakin waɗanda bindigarsa ta kashe yana wuyansa. Wannan mutum ne da ƙasarsa ta lulluɓe da lambobin girma, wanda ya ƙera ta don kare ƙasarsa, ba don riba ba. Mai kawo ta don riba ya auna nasa matsayin.

Saboda haka amsar da muke ba masu tambaya ita ce: bindigar yaƙi, ta asali ko ta kwaikwayo, bai halatta ga mazaunin birni ya mallake ta a ɓoye ba, ba don tsoro ba, balle don sha'awa. Saurayin da harbi ke burge shi da gaske, ƙofar soja da ta jandarma da ta masu tsaron ƙasa a buɗe take, kuma tsaron iyaka a irin wannan lokaci ribaɗi ne mai lada ga wanda ya gyara niyya. Ya je ya ɗauki bindigar tare da takunkuminta. Mai son farauta ya nemi takardar izini, ya nemi malamin sana'ar, ya kuma sani cewa Ibnu Umar ya tarwatsa samarin da suka ɗaure tsuntsu suna gasar harbinsa, ya shaida musu la'anar Manzon Allah (S.A.W.) a kan mai mai da abu mai rai abin gwada saiti. Ɗan kasuwa mai tsoro ya daina kwana da kuɗi a shago, ya haɗa kai da maƙwabtansa su ɗauki masu gadi da sanin hukuma.

Saura wanda ya riga ya saya, tana nan a naɗe cikin tsumma a bayan akwati. Abu na farko da zai zo masa a rai shi ne ya sayar ya mai da kuɗinsa. Wannan ƙofar a rufe take, domin babu mai sayenta a ɓoye sai wanda bai kamata ya riƙe ta ba. Ba zai ba ƙanensa ba, ba zai aika da ita ƙauye ba, ba zai binne ta ba don wani ya tono bayan ransa. Ya raba ta da harsashinta yau, ya nisanta ta daga yara, sa'an nan ya sami mai unguwa ko limaminsa su yi masa jagora ya miƙa ta ga hukumar tattara makamai ko ga jandarma. Kuɗin da ya kashe kuwa sun tafi, ya yi haƙuri da su.